Ɓarin Hagu

Ni tela ce. Shekara talatin da ɗaya ina taka keke, ba a taɓa dawo min da riga an ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba. Na faɗi wannan tun farko ne don a san da wa ake magana, kafin a ji yadda wani mai aski ya tsinka ni a gaban mutane a kan takarda da fensir.

Maigidana direban babbar mota ne, ko in ce a da. Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi ya kife, aka kwashe shi sai asibiti. Ya rayu, mun gode Allah, amma ɓarin hagu ya tafi. Hannu ya mutu, ƙafa sai ja, baki ya karkace, fatar ido ta sauko ta rufe rabin ƙwayar. Mutumin da a da sai ya yi minti goma a gaban madubi yana gyaran gashin baki kafin ya fita. Ranar da muka dawo gida ya sa na cire madubin ɗaki na tura shi bayan kabad, sannan ya kafa min doka ɗaya, ya ce Auta ba za ta gan shi a haka ba.

Auta ita ce 'yarmu. Biyu muka haifa, babban ya rasu tun yana ƙarami, saura ita. Tana aiki a wata ƙasa mai nisa, ga miji ga jaririya. Ta san babanta ya yi ciwo, hawan jini muka ce mata, sauran kuwa ni nake ɗinka mata a waya kullum. In ta kira ta bidiyo in ce kyamara ta lalace. In ta ce a ba ta shi in ce barci yake. In ta matsa sai in kara masa wayar a kunne ya ce "lafiya lau", don ita kaɗai ce maganar da ke fita daidai, in yi maza in janye in ce magani ne ke sa masa nauyin baki. Wata takwas ina wannan aikin. Na gaji da ɗaga shi, na gaji da yi masa wanka, na gaji da taka keke da ƙafafun da suka kumbura, amma wallahi duk ba su kai ƙaryar nan gajiyar da ni ba.

Rannan Auta ta ce, "Mama, ko dai ki turo min hoton Baba, ko in ajiye aikin nan in taho." Na kai masa maganar. Ya ce in ta zo ba zai buɗe ƙofa ba, kuma duk wanda ya ɗaga masa waya da sunan hoto sai ya fasa ta da hannun da ya rage masa. Na san halinsa, zai aikata. Na ce, "To Maigida, ya kake so in yi da raina?"

Maganarsa yanzu a jaye take fita, sai wanda ya saba ke ganewa. Can ya ce, "Ba kina zana wa mata riguna ba? Zana ni. In na gani ya yi min, ki tura."

Gatse ya yi min, ni kuwa na riƙe da hannu biyu, don ba ni da wata mafita. Na ce wa Auta babanta ya tsiro da sabon iyayi, wai shi ya wuce hoto sai zane, ta ba ni wata biyu. Ta yi dariya ta ce halin Baba ke nan, ta ba ni.

Na farkon da na yi, tukunya ce mai kunnuwa. Na cusa shi ƙarƙashin keke don kada kowa ya gani, sai ga wata tsohuwar shugabar makaranta da nake wa ɗinki, Hedimasta muke ce mata, ta zo gwajin riga ta zaro shi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta lafa ta ce in zo ranar Asabar da yamma ɗakin baya na laburare, akwai irina a can.

Ɗakin na ajiyar karyayyun kujeru ne, an tura su gefe ɗaya an share tsakiya. Taga ɗaya, fanka ɗaya mai ƙara ba iska. Malamin da ya fara tara masu koyon zane a wurin ya daɗe da tafiya, suka ci gaba da kansu. Mu shida ne in an cika, amma uku ne masu baki. Akwai Hedimasta, ita sai ta fara yaba ka kafin ta soke ka. Akwai wata budurwa mai aiki a kantin magani, Tabarau ake ce mata, komai sai ta miƙa fensir ta kanne ido ɗaya ta auna. Sai Mai Aski, wanda Allah bai ba shi ko ɗigon kara ba. Dokar ɗakin ita ce ka manna zanenka a bango, ka ja da baya, ka kama bakinka har kowa ya gama faɗin abin da ya gani. Ba bayani, ba kare kai. Ƙanin maigidana ne ke zama da shi Maigidan awa biyun da nake yi a can, shi ma yana yi yana duba agogo.

Asabar ta farko muka zana Hedimasta, minti ashirin. Da aka zo kan nawa Tabarau ta ce na kai idanu kusa da gashi, alhali ido a tsakiyar kai yake. Na ce a raina yarinyar nan ba ta da hankali. Da na koma gida na ɗauko tef na auna kaina daga tsakar ka zuwa haɓa, ai kuwa sai ga ido a tsakiya cif. Shekara hamsin da biyar ina yawo da kan nan ban sani ba.

Mai Aski kuwa ko matsowa bai yi ba. Daga inda yake zaune ya ce, "Tela, kowane layi kin danne shi kamar kina tsoron ya warware. Ba ɗinki ba ne. Kuma hanci ba shi da layi, inuwa ce kawai, ki daina yi masa baki kamar aljihu."

Na haɗiye, tunda doka ce. Amma da aka zo kan nasa na rama. Na ce wuyan da ya yi wa Hedimasta ba zai ɗauki kai ba, kuma babu rigar da ke zama a kafaɗa haka sai in a jikin ƙusa aka rataye ta. Ya tashi ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce gaskiya ne. Tun daga nan duk wanda ya zana wuyan riga ni ake jira.

Haka muka yi ta yi. Na koyi riƙe fensir daga can ƙarshensa, hannu a sake. Na koyi kanne idanu har fuska ta koma haske da duhu kawai. Na koyi barin farin takarda a inda haske ya sauka, maimakon in cike ko'ina don kada a ce na yi ƙyuya. Wani satin in koma gida da ɗan ƙwarin gwiwa, wani satin in koma ina tsaki tun daga bakin laburare har tashar mota. A mako na biyar na zana Tabarau, wani da ya shigo neman kujera ya kalli bango ya kalle ta ya ce, "A'a, ga ki can." Ban nuna ba, amma na ji daɗi.

A gida kuwa, bayan abincin rana nake zaunar da Maigida kusa da taga in ɗora allo a cinya. Ba ya wuce rabin awa sai ya fara zamewa a kujera, ya ce bayansa, ya ce fitsari, ya ce wai har yanzu? Auta kuma kowane kwana biyu sai ta tambaya. A mako na bakwai na gama. Na kalle shi na ce to madalla, wannan ko a bangon banki aka rataye shi ba a ji kunya ba. Goshi ya fito, gashin baki ɗaya bayan ɗaya, idanu biyu tar suna kallonka. Na ce bari in kai su gani kafin in nuna masa, ko da ɗan abin da za a taɓa.

Ba wanda ya san lalurarsa a ɗakin, ban taɓa faɗa ba. Na manna, na ja da baya, na harɗe hannu.

Hedimasta ta ce kai, Tela ta zama gwana, dubi inuwar ƙarƙashin hanci. Tabarau ta miƙa fensirinta ta auna nan ta auna can, ta ce ita ba ta sami kuskure ko ɗaya ba, komai daidai yake. Sauran biyun suka ce haka ne. Saura Mai Aski. Ya tashi ya je gaban zanen ya tsaya, har na fara jin haushin ƙeyarsa. Sai ya zaro ɗan madubin da yake nuna wa mutane bayan kansu, ya kafa gefensa a tsakiyar hancin, daga goshi zuwa haɓa.

Ya ce, "Ku zo ku gani."

Suka matso. Rabin zane da rabin da ke cikin madubi suka haɗu suka ba da fuska. Ya cire madubin, fuskar ba ta canza ba. Ya mayar, ya sake cirewa, ita ce dai.

Ya ce, "Shekara ashirin ina riƙe da kawunan mutane, ban taɓa ganin wanda ɓarinsa biyu suka zo ɗaya ba. Ko jariri. Ke linke mutumin nan kika yi biyu kika yanka, kamar gaban riga." Bai tsaya nan ba. Ya ɓamɓare takardar daga bango ya ɗaga ta saitin taga. Ɓarin hagu ya yi shara-shara, haske na ratsa shi. "Nan kin zana wani abu kin goge, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Kin kusa huda takardar da kilinar nan taki ta goge fensir. Me ke nan wurin?"

Doka ta ce in yi shiru. Na ce dokar ta ci kanta. Na fizge takardata na ce, "Mijina ne. Ɓarinsa ya shanye, bakinsa a karkace yake, idonsa a rufe. Me kake so? In zana masa miyau a haɓa in tura wa 'yarsa? Kai da ba ka taɓa ɗaga ƙato daga gado ba, ka zo kana min wasa da madubi!"

Hedimasta ta dafa ni ta ce sannu, ba su sani ba. Tabarau ta sunkuyar da kai. Mai Aski ya mayar da madubinsa aljihu ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, Tela, da gaske nake. Amma zanen dai ba shi ba ne."

Na tattara fensirorina na fita ko sallama ban yi ba. A mota na yi ta zaginsa a zuciya, shi da madubinsa da shagonsa. Sai dai zagin bai yi nisa ba, don na san abin da na yi. Da tef na yi aikin. In auna daga hanci zuwa ƙarshen idon dama, in kai awon hagu in ɗiga. In auna kusurwar baki ta dama, in kai hagu. Duk sanda hannuna ya bi abin da ke gabana ya ja layi ya sauko, sai in ji kamar na ga kalmasa ta karkace, in sa kilina in goge in daidaita. Ban ɗauke shi ƙarya ba, a wurina gyara ne, aikin da na iya ke nan.

Washegari da rana ina ba shi abinci, sai na tilasta wa kaina na kalli ɓarin hagun. Kallo na sosai, irin wanda muke yi wa juna a laburare. Ashe na daɗe ban kalla ba. Ina wanke wurin, ina goge shi, ina shafa masa mai, amma idona kullum yana kan cokali ko tawul. Layin da ke saukowa daga gefen hanci zuwa baki ya shafe a wannan ɓarin, kumatun ya yi sumul ya zubo. Akwai ɗan ruwa da ke taruwa a gindin idon, ba ya zuba ba ya bushewa. Gemun ma ya fi tsawo a nan, don ni ke masa aski, kuma ashe sauri nake in na zo wurin. Kunya ta kama ni, ta kaina, ba ta kowa ba.

Ya ce, "Kallon me kike min?"

Na ce, "Wancan bai yi ba. Sabo za mu yi."

Ya ja tsaki, rabinsa iska. Na jefa tef da kilina a aljihun keke na rufe. Kwana huɗu muka yi. Ban taɓa aikin da ya ci min rai irin wannan ba. Hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗaga kusurwar bakin nan ko da kaɗan, in danne zuciyata in bar ta inda take. In na gama rabin awar nan sai in ji kamar na yini ina wanki.

Ranar Asabar na koma. Ban ba kowa haƙuri ba, su ma ba su nema ba. Na manna, na ja da baya, na kama bakina.

Tabarau ta auna ta ce kunnen dama ya yi ƙasa kaɗan, kuma goshi ya fi na wancan faɗi. Hedimasta ta buɗe baki za ta fara yabonta, ta kasa, ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi. Mai Aski ya ce inuwar ƙarƙashin haɓa ta yi datti, na murza ta da yatsa, a daina wannan. Ya ƙara matsowa ya kalli idon dama, ya kalli na hagu, ya ce, "Mutumin nan mafaɗaci ne ko?"

Dariya ta ƙwace min, na ce na ƙarshe ma kuwa.

Ya ce, "Ya fito. Kamar yanzu zai ce wa ya taɓa masa mota." Shi ke nan yabon da na samu a wurinsa, kuma ya ishe ni.

Na gyara kunnen, na bar sauran. Ranar Lahadi bayan na yi masa wanka na zaunar da shi, na ɗauko zanen biyu. Wata biyun Auta sun cika, kuma in ya ce a'a ban san me zan sake ƙirƙira mata ba. Na ɗora masa na farkon, wanda na daidaita da tef, a cinya. Ya kalla, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Ya ce, "Kyakkyawa." Ya ƙara kallo ya ce, "Wannan ai ya mutu tun bara."

Na ɗauke na ɗora na biyun.

Wata goma rabonsa da ganin fuskarsa. Ya riƙe takardar da hannun dama. Ya kai ta kusa, ya kai ta nesa. Ya ajiye ta a cinya ya ɗaga hannu ya shafa kumatunsa na hagu, ya bi gefen bakin da yatsa, ya sake duba takardar. Ni dai ina tsaye da tawul a kafaɗa, ƙafafuna na zugi, ina jira ya yaga ta ko ya jefe ni da ita.

Ya ce, "Haka kike gani kullum?"

Na ce, "Haka."

"Da safe, da rana."

Na ce, "Har da yamma."

Ruwan nan na gindin idonsa ya zubo, na dama ma ya taya shi. Ban goge masa ba, don na san ba zai so ba. Can ya ce, "Kada ki tura."

Na ce, "Maigida, don girman Allah, na ƙare. Ba ni da sauran abin da zan ce wa yarinyar nan."

Ya ce, "Kira ta. Ta bidiyon. Takarda ba za ta faɗa mata ba, ni zan faɗa."

Na kira. Na riƙe wayar a gabansa da hannu biyu. Auta ta ɗauka da fara'arta, jaririya a kafaɗa, tana cewa yau kyamara ta warke ke nan? Sai ta gan shi. Ta ce "Baba" sau ɗaya. Shi kuwa ya tattaro ƙarfinsa ya yi mata magana mai tsawo, rabi ba ta gane ba sai da na fassara. Ya ce ta daina kuka ba mutuwa ya yi ba, ya ce ta juyo masa da yarinyar ya ga wa ta ɗauko. Miyau ya zubo masa, na sa tawul na goge tana kallo. Sun fi rabin awa. Ta ce masa tana nan zuwa ƙarshen wata, ya ce Allah ya kawo ta lafiya.

Sannan ta ce, "Ba ni Mama."

Na juyo da wayar. Idanunta sun yi ja, amma ba kuka a muryarta. Ta ce, "Shi ba shi da lafiya, na gane. Ke fa? Wata goma, Mama. Kullum ina tambayarki, kullum kina ce min barci yake. Da ya mutu fa?"

Na buɗe baki in ce shi ya hana, in ce ba ta san abin da na gani a gidan nan ba, in ce abubuwa da yawa. Yana zaune yana jina, kansa a ƙasa. Na ce, "Ki yi haƙuri."

Ta ce, "To," ta kashe.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Kullum da la'asar tana kira, amma wayarsa take kira, wadda na ciro daga akwati na sa wa caji. Suna hira, yana dariya da rabin baki, har ya fara neman in gyara masa wuyan riga kafin ta kira. Ni ke riƙe wayar, tunda hannunsa ɗaya ba ya jurewa. In riƙe da dama har ta gaji, in mayar hagu. In sun gama takan ce, "Baba, a gaida mutan gida," sai ya ɗago ido ya kalle ni ta saman wayar, ni kuma in danna in kashe in je in ɗora ruwan wankansa.